Babban hutu ya yi rabi: a kai yara ƙauye ko a bar su a Damagaram?

Baban Sani, Sabon Gari:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata magana da ni da uwargidana muka kasa daidaitawa a kanta tun makon jiya. An rufe lakwal tun ƙarshen watan Yuni, ga shi yau muna tsakiyar Agusta, kuma ba za a koma ba sai farkon Oktoba in Allah ya kai mu, ke nan akwai sauran mako shida ko bakwai da yara huɗu za su yi a gida. Babbansu, Sani, shekararsa 13, ya gama ajin farko na kwaleji. Hadiza tana da 11, za ta shiga CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, sai Ibrahim mai 8, da auta mai shekara 3. Mahaifiyata tana wani ƙauye a gefen Matameye, kuma sau biyu ke nan tana aiko mini da saƙo ta bakin ƙanena cewa jikokinta sun zama baƙi a gidan kakansu, har ta ce ko a kasuwa Ibrahim ya gamu da ita ba zai gane ta ba. Ni ina son in tura manyan ukun su yi wata guda a can, domin abin da nake gani a nan kullum shi ne barci har hantsi, da rigima a kan wayar uwarsu, da ƙwallo a lungu har a kira magariba. Uwargida kuwa ta ce sam, a sa su darasin hutu a nan cikin gari, saboda Hadiza tana da rauni a lissafi, kuma damina ce, lokacin sauro da zazzaɓi. Shi Sani ba ƙauyen ne a gabansa ba, ba darasin ba, damuwarsa ita ce tattabarunsa goma sha biyu da ke bayan ɗakin girki. Wanda duk ya taɓa gwada ɗaya daga cikin biyun, ina roƙonsa ya faɗa mini abin da ya gani.

Alhaji Mai Goro, Zango:
Wa alaikumus salam. Baban Sani, ai wannan ba abin dogon tunani ba ne, ka sa su mota ka kai wa tsohuwa jikokinta, domin zumunta a ƙafa take. Matameye ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, ka bi ta Takieta ka gangara ta Kance, kafin azahar kun isa. Mu da muka taso a gandu mun san abin da wata ɗaya na damina yake koya wa yaro. A shekarun Sani mahaifina ya yanka mini gayauna a gefen gonarsa, ya ce abin da na shuka nawa ne, kuma gyaɗar da na cire a wannan ɗan fili da ita na sayi akuyata ta farko. Yanzu an gama maimai a yawancin gonaki, aikin da ya rage ba mai karya yaro ba ne: kai wa manoma fura, yankan ciyawa, kiwon tumaki a bakin gona, sai korar tsuntsaye idan hatsi ya fara ido. Idan suka kai farkon Satumba a can za su ci tumu, kuma ina tabbatar maka yaron da ya taɓa gasa zangarniyar gero a kan garwashi, ya murje ta a tafin hannunsa yana hura ƙaiƙayi, ba zai ƙara zubar da tuwo a kwata ba.

Maman Rabi, Karkada:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce, amma akwai wani gefe da ku maza ba ku cika dubawa ba, kuma ni ban gane shi ba sai da na ji kunya. Shekara uku da suka wuce muka tura yaranmu uku wajen surukata a yankin Magarya, a irin wannan lokaci, da 'yan kayan sawarsu da sabulu da ledar biskit, muna ganin mun kyauta. Da na je ɗauko su bayan mako biyar, na tarar sun yi ɓul-ɓul, ita kuwa tsohuwar ta faɗa. Sai matar ƙanen maigidana ta ja ni bayan rumbu ta shaida mini cewa hatsinsu ya ƙare tun kafin yaran su zo, awo suke yi tiya-tiya a kasuwa, kuma Inna ta sayar da tunkiyarta don kada jikokinta 'yan birni su kwana da tafasa da kwaɗon rama kaɗai. Ko da wasa ba ta taɓa faɗa wa ɗanta ba, kuma har gobe ba za ta faɗa ba.

Watan Agusta shi ne lokacin da rumbu yake ƙasa a ƙauye, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, kuɗin tiya kuma ya hau. Saboda haka ni ba na cewa kada a tura yara, amma duk wanda zai tura baki uku gidan mahaifiyarsa a wannan wata, to buhu ya riga su isa, da mai da magi da ɗan kuɗin cefane, kuma a miƙa su a matsayin tsaraba, domin idan ta gane kuɗin abincin jikokinta ne aka biya ta, ranta zai ɓaci.

Baban Sani, Sabon Gari:
Maman Rabi, wallahi kin taɓo inda ban taɓa kai hankalina ba. Nakan aika mata da abin da ya sawwaƙa a ƙarshen kowane wata, amma ban lissafa cewa yara uku za su ninka abin da ake ɗorawa a murhu ba. Na gode ƙwarai.

Mushe Ali, Garin Malam:
Bari in sa baki a kan darasin hutu, tunda shekara 19 ke nan ina riƙe da alli. Damuwar Maman Sani tana da tushe. Duk malamin firamare ya san cewa makonnin farko na Oktoba ba sabon karatu ake yi ba, tono ake yi, domin yaron da ya bar ka a Yuni yana iya rabawa da lamba biyu yakan dawo yana ƙirga yatsu. Kuma shekara ba kullum take zuwa yadda aka tsara ba: a 2024 gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata saboda ambaliya, yara suka yi kusan wata huɗu ba su ga allo ba. A ƙauyukan da ake karatu a ajin zana abin ya fi haka, domin sai an yi girbi an sami kara kafin a kafa rumfar.

Duk da haka, ina faɗa wa iyaye gaskiya ko da za ta rage wa wasu abokan aikina ciniki. Yawancin darasin hutun da na gani, ɗaki ɗaya ne aka cusa yara masu aji daban-daban, malami ya cika allo da rubutu, su kwafa, a tashi da sha biyu. Uba ya biya jaka uku ko biyar, hankalinsa ya kwanta, yarinya kuma ta dawo da rauninta yadda ta tafi da shi. Abin da Hadiza take buƙata shi ne mutum ɗaya da zai zauna da ita rabin awa kowace safiya, ya gano takamaiman inda ta tsaya. Sau da yawa za ka tarar ba rabawar ce ta gagare ta ba, jadawalin ninkawa ne bai zauna mata ba, daga gidan shida zuwa gidan tara. Wannan kuwa ana iya yinsa a Sabon Gari, ana iya yinsa a gindin gawo a Matameye, muddin akwai wani ɗalibin kwaleji ko lise, wato babbar sakandare, da ya zo hutu gida, kuma babu ƙauyen da za a rasa irinsa yanzu. A haɗa ta da tsohon littafinta na CM1, ajin da ta gama, da kaye guda na rubutu da fensir, kuma a bar ta ta riƙa lissafa wa kakarta canji ranar kasuwa.

Malama Zuwaira, Tudun Jamus:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma tsoron Maman Sani game da zazzaɓi shi ne abin da muke kwana a kansa daga Agusta zuwa Oktoba. Sai dai sauron cikin gari bai fi na ƙauye tausayi ba, duk wanda yake kusa da tabki ko kwata a Damagaram ya san haka. Bambancin yana wajen nisan asibiti da kuma wanda zai lura da yaron cikin dare. Kafin ka tura su, ka tambayi ƙanenka nisan gidan likita mafi kusa, da ko hanyar tana biyuwa idan an yi ruwa, kuma kowane yaro ya tafi da sangensa, kada a dogara da cewa akwai a can.

Auta kuwa ina ba da shawarar ta zauna wajen uwarta. Tana cikin yaran da ake bi gida-gida ana ba su maganin rigakafin zazzaɓin damina, wato daga wata 3 zuwa wata 59 da haihuwa, sau ɗaya a kowane wata. Maganin na kwana uku ne, ana ba da na ranar farko a gaban ma'aikata, na sauran kwana biyun uwa ce take bayarwa, kuma a tafiye-tafiyen hutu ne muka fi ganin an tsallake zagaye ko an manta da katin a gida. Manyan ukun sun wuce shekarun wannan magani, don haka su da zarar jiki ya yi zafi a kai su a gwada jini a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe har kwana uku.

Abu na biyu shi ne tabki. Ina roƙon iyaye su ja wa yara kunne sosai a kan wankan tabki da kududdufi, musamman ramukan da aka haƙa don yin tubali, domin gefensu ba zurfi amma taki ɗaya gaba sai yaro ya nutse. Ban da haɗarin nutsewa akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin ƙananan katantanwa da ke cikin ruwan da ba ya gudu, ta fito ta ratsa fatar mai wanka, sai bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini, lokacin an koma lakwal an manta ma da ya shiga ruwa.

Alhaji Mai Goro, Zango:
Malama, mu dai mun yi iyo a tabki har muka girma, ga mu nan da jikoki. Kada mu mayar da yaran nan ƙwai, komai a ce kada su taɓa.

Malama Zuwaira, Tudun Jamus:
Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara maka lafiya, amma ka tuna a zamaninku yawan yaran da suke fitsarin jini har ya sa wasu suka ɗauka alamar balaga ce ga ɗa namiji. Waɗanda suka yi iyo suka rayu su ne suke ba da labari yau. Ban hana su gona ba, ban hana su langa da kokowa a dandali ba, ruwan kawai nake magana a kai.

Hajiya Ta Birni:
Tun ɗazu ina karantawa, kuma na lura gayauna da kokowa da tumu duk na Sani da Ibrahim ne. Ita Hadiza idan ta je ƙauye me za ta yi? Mu mata mun sani: za ta tashi da asuba ta yi shara, ta bi sa'o'inta rijiya, ta yi surfe, ta goya ɗan wata mata, ta kai fura gona da rana tsaka. Ban ce kada 'ya mace ta koyi aiki ba, ni ma a turmi na girma, amma a kira abin da sunansa, kada a ce an tura ta hutu. A nan cikin gari ma haka ne, gidaje da yawa da zarar an rufe lakwal sai a ɗora wa yarinya faranti, talla tun safe har dare, 'yan'uwanta maza suna filin ƙwallo.

Abin da na yi da jikokina mata biyu bana shi ne na zaunar da su na koya musu alkaki, tunda shi ne abin da aka san Damagaram da shi, duk baƙon da ya zo sai ya nemi na tsaraba. Ranar farko ƙullin alkamar ya yi musu ruwa, naɗin ya warware a cikin mai, muka cinye abinmu a haka muna dariya. Yanzu ƙaramar ta fi ni iya naɗi, hannunta ya fi nawa laushi, kuma ta san lokacin da za a tsame shi daga mai a tsoma a ruwan sukari ba tare da na ce mata komai ba. Ba su fita talla, maƙwabta ne suke aikowa, kuɗin kuma suna cikin asusu don sayen kaye da jakar lakwal. Baban Sani, ka tambayi Hadiza ita kanta abin da take so, domin a duk bayaninka na ji ra'ayin kowa ban ji nata ba.

Ɗan Birni:
Ina goyon bayan Hajiya, kuma ina ƙarawa da cewa yaranmu ba ƙauye kaɗai suka jahilta ba, garin da aka haife su ma ba su san shi ba. Na tambayi ɗan yayata mai shekara 14 ko ya san cewa Damagaram ce babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926, sai ya ɗauka zolayarsa nake yi. Ran Juma'ar da ta wuce na kwashe su biyar muka zaga Birni a ƙafa, muka tsaya a ƙofar fada, na nuna musu ragowar ganuwar da aka gina a zamanin Sarki Tanimun, muka hau duwatsu muka hango gari ya yi kore. Da muka zo inda tsohon masallacin ƙasa yake, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 kuma ruwan sama ya rushe shi a farkon Satumban 2024, babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa shiga cikinsa lokacin da yake tsaye, alhali gidansu bai kai tafiyar rabin awa daga wurin ba. Wannan ya dame ni ƙwarai. Daga nan muka biya wajen dukawa, ɗaya daga cikin yaran ya tsaya yana kallon yadda ake rina fata ana yanka ta, yanzu kullum da safe can yake zuwa, an fara ba shi ɗinkin kube. Wanda ba shi da halin tura yara nesa, ga Mirya nan kusa, ƙasa da kilomita 20, a je ranar Lahadi a ci kasuwa a ga lambuna a dawo da yamma.

Malam Na Tsangaya:
A taƙaice, duk inda aka kai su kada allo ya tsaya. Wata tara lakwal tana cinye safiyarsu da yammacinsu, mu sai ragowar lokaci muke samu, wannan hutun ne kaɗai damar da yaro zai yi tilawa a natse. Akwai malami a kowane ƙauye, a haɗa su da allunansu, a gaya masa inda kowa ya tsaya.

Mai Tattabaru, Kara-Kara:
Ni Sani na zo karewa, domin na ga kamar ana ɗaukar tattabarunsa wasan yara. Baba, yaron da ya riƙe tattabara goma sha biyu cikin damina ba su mutu ba, ba malalaci ba ne. A wannan lokaci danshi yake kashe 'yan shila, sai an riƙa share akurki ana zuba busasshen yashi ko toka, ana canja ruwa kullum, ana toshe inda mage da ɓera za su shiga. Tattabara ƙwai biyu take yi, macen da namijin suna karɓa-karɓa wajen kwanci har kwana 17 ko 18, kuma cikin wata guda ɗan shila ya isa sayarwa. Idan akwai waɗanda suke kan ƙwai yanzu, aka ɗauke mai kula da su na wata guda, abin da ya tara tun bara zai watse, kuma zai daɗe bai manta da cewa ba a ɗauki wahalarsa a bakin komai ba. Ni da kuɗin 'yan shila na sayi kekena na farko, a Kasuwar Dole nake kai su duk ranar Alhamis. Idan za a tura shi, a bar shi ya zaɓi wanda zai bar wa amana, ya koya masa da kansa kafin ya tafi, kuma ya ɗauki biyu ko huɗu ya kai wa kakarsa, domin a ƙauye tattabara ta fi samun abinci.

Maman Rabi, Karkada:
Wannan shawara ta ƙarshe ta yi mini. Tsohuwa za ta fi murna da jikan da ya zo mata da abin hannunsa a kan wanda ya zo yana tambayar inda zai sa cajin waya.

Baban Sani, Sabon Gari:
Jama'a, Allah ya saka da alheri, ga yadda muka ƙare bayan kwana tara. Na karanta wa uwargida duk abin da kuka rubuta, ta ce Maman Rabi da Malama Zuwaira da Hajiya ne kaɗai suka yi magana, sauran duk 'yan'uwana ne maza. Na tambayi Hadiza kamar yadda Hajiya ta ce, sai ta ba ni mamaki, domin ita ce ta fi kowa son tafiya, wai tana son ta ga yadda ake tatsar saniya, amma da sharaɗin mako biyu kawai. Saboda haka ran Asabar na kai su su uku, bayan na riga na aika da buhun hatsi da rabin buhun shinkafa da jarkar mai ta hannun wani direba, na ce wa Inna tsarabar damina ce. Ta dube ni ta dubi buhun, ba ta ce komai ba, ina jin ta gane. Auta tana gida wajen uwarta, kuma an ba ta maganin wannan wata.

Ɗan ƙanena da ke lise ya karɓi lissafin Hadiza, kuma Mushe Ali ya yi gaskiya, a gidan bakwai da gidan takwas ta tsaya. Ibrahim ya yi kuka daren farko saboda duhu da kukan kwaɗi, amma jiya da na kira wayar ƙanena bai ma tsaya mun gaisa sosai ba, wai za su kai tumaki bakin gona. Sani ya tafi da tattabara huɗu a kwali, ya bar takwas a hannun ɗan maƙwabcinmu, sai dai ni ne nake tashi in duba su kafin in tafi aiki, kuma shekaranjiya ƙwai biyu suka ƙyanƙyashe. Matsala ɗaya ita ce sangen Ibrahim ya yage a ƙusar gado tun kwana na biyu, yanzu su biyu suke matsuwa a na Sani. Idan akwai wanda zai bi hanyar Matameye kafin Juma'a, don Allah ya yi mini magana in ba shi sabo ya miƙa wa ƙanena a tasha.